Allurar da Anka Ba Suwaiba Anka Hana Ni

Daga: Adama Bube, mai tallan nono, Gandi, Rabah
Zuwa ga: Mai girma Babban Likita, Shugaban Shirin Allurar Ciwon Fata
Kwanan wata: 12 ga Mayu, 2025

Game da: Cire sunana daga masu karɓar sabuwar allura

Ranka ya daɗe,

Halliru, ma'aikacinku mai duba marasa lafiya, ya cuce ni, kuma yana sane. Bayan gaisuwa mai yawa, ga bayani.

1. Ni da Suwaiba, maƙwabciyata a layin nono na kasuwar Gandi, ciwonmu ɗaya: fata ta yi ja, ta yi ɓawo, tana zuba kamar dusa. Nawa ya riga nata, ya kuma fi nata. Har bayana ya ci.

2. Ranar 3 ga Fabrairu likitanku ya tara mu, yac ce ba kuturta ba ce, ba a ɗauka. Wai wani ɗan aike ne cikin jini ke zuga fata ta yi kumburi, allurar kuma tare shi take yi. Yac ce waɗanda ciwonsu ya fi tsanani za a fara ba.

3. Ranar dubawa na yi abin da duk macen kirki ke yi in za ta gaban baƙi. Na goge ɓawon da dutsen wanka, na shafe jikina da man shanu. Halliru ya dubi hannuna yana sheƙi, ya rubuta ciwona kaɗan ne. Bayana kuwa ba na buɗe wa namiji, kuma bai kira mace ba.

4. Suwaiba goggonshi ce. Ya faɗa mata ta zo ba wanka ba mai. Ni mi ya hana ya faɗa mini?

5. Ita anka ba allurar, ni anka cire sunana. Yanzu hannunta sumul, har lalle ta ƙunsa. Masu sayen nonona sun koma gabanta, ni ina zaune ina ɓoye yatsu ƙarƙashin faifai, nono na tsami a ƙwarya. Ban ce a ƙwace tata ba, amma kallonta na hana ni cin abinci.

Don haka ina roƙo, cikin ladabi, a sa mace ta sake duba ni. Wannan karon haka nan zan zo, da ɓawona duka. A kuma kirawo Halliru gabanku, ina tsaye, ya faɗi dalilin da goggonshi ta ji abin da ni ban ji ba.

Allah shi ƙara girma.

Taku mai biyayya,
Adama Bube
(dangwalen babban yatsa)