Simbok Ta Je Duba Mai Kurciya

Zuwa ga ƙanwata Lasmini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a can Taiwan. Allah ya ƙara miki haƙuri da ƙarfin baya, ya dawo mana da ke cikin aminci. Mu nan birnin Solo lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Yara suna makaranta. Mijina Mas Paijan kuwa wandonsa ya daina rufuwa, yanzu za ki ji dalili.

Kin san da ƙyar na raba uwarmu Simbok da ƙauye bayan faɗuwar da ta yi a bakin rijiya. Sharaɗinta ɗaya ne: ba za ta zauna ana ba ta abinci a baki ba, sai dai ta ci gaba da sana'arta ta tausa. Na gyara mata ɗakin gaba, na rubuta lambar wayata a ƙofa. Sababbin mutane suka yi ta kira, a tsayar da lokaci, su ce in sha Allah, shi ke nan ba a ƙara jin ɗuriyarsu. Ita kuma duk wanda ya ce zai zo baƙo ne a wurinta. Sai ta tambayi unguwarsu da sunan ubansa, ta ɗumama man kwakwa, ta dafa shayin citta, ta soya ayaba, ta zauna tana kallon ƙofa. In ba a zo ba Mas Paijan ya cinye ayabar, wai don kada ranta ya ɓaci. Abin ya daina ba ni dariya ranar da na ga ta ɗaure kayanta a zani, tana cewa mutanen birni ba sa son hannun tsohuwa, gara ta koma. Hankalina ya tashi, Lasmini, don babu kowa a gidan can sai rijiyar nan.

Na roƙe ta ta jira wani Pak Sutris da ya ce zai zo saboda ciwon wuya. Shi ma bai zo ba. Don in lallashe ta na ce ƙila ciwon ne ya kwantar da shi. Bakina ya jawo! Ta miƙe tana salati, ta ce ai a ƙauye in mai ciwo ya kasa zuwa, mai tausa ce ke bin sa gida, abin kunya ne ta zauna. Ta cusa kwalbar mai a jaka, ta haye bayan babur ɗin Mas Paijan cikin yayyafi.

Shi ya ba ni sauran labarin, yana dariya har da hawaye. Sun tarar da mutumin garau a gaban gidansa, ɗaure da zani, yana yi wa kurciyoyinsa wanka yana fito. Simbok ta yi sallama ta ce, sannu ɗana, ashe jikin ya yi tsanani haka? To ke kin san mutumin Solo, zai iya kallon tsohuwar da ta jiƙe dominsa ya ce mantawa ya yi? Nan take ya kama wuya ya fara nishi. Ta kwantar da shi a tabarma a gaban maƙwabta, ta murza shi son ranta, ta kankare masa baya da kwandala har ya yi ja. Matarsa ta kawo shayi tana cewa a ƙara dannawa Kaka, ciwon nan ba ya kama shi sai an aike shi kasuwa.

Labari ya zaga unguwanni. Yanzu duk wanda ba zai zo ba tun da wuri yake kira, yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau, kada a wahalar da tsohuwa. Sauran kuma suna zuwa a kan lokaci su cinye ayabarsu, Mas Paijan yana kallo. Simbok ta kwance kayanta. Ta ce ashe mutanen birni ba wulaƙanci gare su ba, raunin jiki ne, in ta tafi wa zai duba su? Ranar na yi barci mai daɗi.

Ki gaida Mbak Warsini da kuke zuwa masallaci tare, da yarinyar nan Ngatmi ta garinmu. Mas Paijan da yara suna gaishe ki.

Saura magana ɗaya. Kin ce wa Simbok za ki zo Sallar da ta wuce, ta soya ayaba, ba ki zo ba. Jiya na ji tana tambayar Mas Paijan ko babur zai kai Taiwan. Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta riga ta ware kwalbar mai guda, ta hana kowa taɓawa.

Yayarki mai kewarki,
Tumirah