Ƙofar Ɗakin Baba

Bakura, 19 ga Satumba, 2021

Zuwa ga ƙanena Ma'aruf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. An katse mana layukan waya, shi ya sa na koma takarda. Maigidana zai ɗauki hotonta ya tura maka daga Sakkwato.

Ruwan ranar Laraba ya kayar da ɗakin Baba. Allah Ya kiyaye, yana masallaci. Yanzu a zaure yake kwana, ga sanyi, ga tarin nan nasa. Idonsa kuma ya tafi gaba ɗaya. Ka tuna, shi ya gina rabin unguwarmu da hannunsa, yau ga shi ba ɗaki.

Bai ce in gaya maka ba. Ka san shekara nawa rabon da ya ambaci sunanka. Amma kai ne mai zana wa Turawa gidaje, sai ka duba.

Yayarka,
Hikima

Columbus, Ohio, 27 ga Satumba

Yaya Hikima,

Wa'alaikumus salam. Na karanta takardarki a ofis, na kasa ci gaba da aiki.

Shekara ashirin da huɗu ke nan ina wannan sana'a a Amurka. Na zana gidajen bene na haya waɗanda iyali fiye da dubu ke zaune a ciki, wasu masu hawa goma sha biyu. Ban taɓa zana ko akurki a garinmu ba. Kuma ban manta da abin da na ce wa Baba ba ranar da na gama makaranta a Talata Mafara, da ya miƙo mini cokalin gininsa. Cewa na yi ginin laka aikin jahilai ne. Ajiye cokalin ya yi ya shiga gida.

Ga zane na turo: ɗaki biyu, da makewayi a ciki, ba matakala ko ɗaya saboda idonsa. Ku nemi magini ku fara. Kada ki ce daga wurina ya fito.

Ƙanenki,
Ma'aruf

Bakura, 8 ga Oktoba

Ma'aruf,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yi haƙuri, ban iya yi wa Baba ƙarya ba.

Na kawo Muttaka magini daga Maradun, ya zauna yana bayyana masa zanen. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Wa yay yi wannan?" Na ce kai ne. Na zaci zai tashi. Sai ya shimfiɗa tafin hannunsa ya ce Muttaka ya zana masa ɗakin da yatsa a kai.

Da yatsan ya kai ƙofa sai ya damƙe hannun. "Gabas? Yaron ga ya mance inda ruwa ka fitowa? Damina ɗaya za ta cika ɗakin. Kuma ina indararo? Ruwan rufin kan katangar maƙwabci za shi zuba?"

Ya hana a taɓa komai. Kwana uku ke nan yana faɗa, duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ji labarin ƙofar. Amma jiya na ji yana ce wa liman, "Hawa goma sha biyu yake ɗorawa can, kuma ba su faɗuwa."

Tarin ya ƙaru. Kada ka daɗe da amsa.

Hikima

Columbus, 10 ga Oktoba

Zuwa ga mahaifina, Malam Barau,

Assalamu alaikum, Baba. Ina durƙuson gaisuwa. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Gaskiyarka ce. Na zana ɗakin ina kallon takarda, ban tuna da hadarin gabas ba. Na mayar da ƙofar kudu, na sa indararo biyu su zuba tsakar gida. Kaurin bango ne ban yanke ba: bulo yana ɗaukar zafi, na laka kuma ban san sirrinsa ba, domin ban tsaya na koya ba lokacin da ka so koya mini. Ina roƙon ka faɗa mini yadda za a yi.

Maganar da na yi maka ina yaro, ka yafe mini, Baba. Ta daɗe tana ci na.

Ɗanka,
Ma'aruf

Bakura, 21 ga Oktoba

Ma'aruf,

Hikima ke rubutawa, ni ke faɗa.

Ƙofa ta yi daidai. Bango na laka za a yi, kaurinsa kamu biyu, a ɗora bisa dutse. Sauran ba a faɗinsa a takarda.

Waccan magana na yafe tun kana cikin jirgin da ya kai ka Amurka.

An kawo ƙasa, an jiƙa. Muttaka na son ya ja igiyar harsashi, na hana. Ka taho ka ja da kanka, ni in riƙe maka ɗaya bakin. Ka zo da ɗiyarka Zuhura, ban taɓa jin muryarta ba.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Barau magini