Rijiyar da Ta Rufta da Baban Yara

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon ƙafar, da sauƙi?

Yaya, ki yi haƙuri da rubutun. Rijiyar da baban yara yake haƙa wa mai gidan burodi ta rufta da shi, har yau ba a kai gare shi ba. Ƙaninsa Ƙarami kullum sai ya ɗauki igiya a ɗakina, ya ɗaura a ƙugu ya sauka, bakin rijiyar kuwa sai tsagewa yake. Jiya ƙasa ta binne shi har ƙirji, da ƙyar aka jawo shi. Ya ce gobe ma zai koma, sai in ni na ce a bari.

Shugaban masu ceto ya faɗa min wata kalma da Turanci, malamin makaranta maƙwabcinmu ya fassara. Wai ana faɗinta ne in mutum ya saki abin da yake nasa da hannunsa, ba ƙwacewa aka yi ba, kamar shugaba da kujerarsa, ko uwa da riƙon ɗanta. Wato ni ake jira in ce a cike rijiyar, a yi masa salla a kanta.

Yaya, in yana numfashi a ƙasan fa?

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Saƙonki ya iso, Allah ya bar zumunci.

Da safe Ƙarami ya zo ɗaukar igiya. Matarsa ta biyo shi da tsohon cikinta, ta durƙusa ta gaishe ni, ba ta roƙe ni komai ba. Shi kuwa ya miƙo hannu yana tsokanata yadda ya saba, wai matar yaya ta fara rowar igiya. Sai na zauna a kanta. Na ce ba inda za ka, na sallama.

An cike rijiyar. Ban je ba, amma ƙarar shebur ta same ni har tsakar gida.

Kowa cewa yake na kyauta. Ki zo don Allah, tsoro nake ji. In na sa goshi a ƙasa wajen salla, sai in daɗe ban ɗago ba, ina saurare.

Ki gaida yara.

Taki,
Auta