Tayoyin Da Surukina Ya Ba Ni

Gwaggo, don Allah ki taimaka mini. Na san za ki ce mutane na kawo matsalar aure, wannan ta kawo ta taya. To, tayar ce, amma akwai gida a cikinta.

Sana'ata dakon ƙwai. Ina da 'yar a-kori-kura da nake tuƙawa da kaina, in ɗebo kiret-kiret daga gidajen gona uku in raba wa masu shaguna da gidajen burodi. Rabin hanyar kwalta, rabi burji mai ramuka. Tayoyina sun suɗe, na baya sun yi sumul kamar tafin hannu. Kwanaki da aka yi ruwa na taka birki a kwana, motar ta zame da ni, kiret shida suka tafi. Ni dai Allah ya tsare.

Da labari ya kai kunnen surukina sai ya aiko kirana. Dattijon kirki ne, shi ya tsaya mini lokacin da dangin mijina suka ce tuƙin motar kaya bai dace da mace ba. Ya buɗe ɗakin ajiyarsa, ya janye wani tsohon keken ɗinki, ya nuna mini tayoyi huɗu a jingine, ba su taɓa taka ƙasa ba, har da 'yan gashin nan na roba a jikinsu. Ya ce tun yana aiki ya saye su don motarsa ta hawa, aka sayar da motar suka rage, in ɗauka, 'yarsa ta fi kowa cancanta. Na durƙusa na yi godiya, mijina baki har kunne.

Da na kai wa mai faci, ya juya su, ya shafa, ya ce za su shiga, amma shi ba ruwansa. Na matsa masa, sai ya nuna mini wasu lambobi huɗu a gefe, wai ranar haihuwar taya ke nan, waɗannan shekararsu goma sha uku. Gwaggo, ashe taya na da ranar haihuwa? Tun ranar na zama wata iri. Duk motar da na gani a tsaye sai na sunkuya ina karanta gefen tayarta, har wani mai gadi ya tambaye ni ko ɗan kunne na yar.

Shin taya na tsufa alhali ba a hau ta ba? Me ya raba tayar motar hawa da ta kaya, tunda duk baƙaƙe ne? Ƙanena kuma ya ce in sayi masu manyan haƙora, wai sun fi kwarjini. Mijina ya ce in na mayar da kyautar, da wane ido zai kalli mahaifinsa. Yau kwana tara suna jingine a bayan ƙofa, kullum Baba sai ya tambaya ko an ɗaura, kuma dabarun kaucewa sun ƙare mini.

Taki,
Mai Ƙwai

*

Mai Ƙwai, 'yata, sannu da arziki. Kiret shida ba komai ba ne tunda kin fito lafiya.

Mai facinki ya yi gaskiya. Roba tana bushewa ko a ɗaki take, ta yi tauri, ta tsattsage a inda ido ba ya kaiwa. A lambobi huɗun nan, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta haura shekara goma ba a ɗora mata rai, komai sheƙinta. Ko da sababbi ne ma, na motar hawa ne. Tayar kaya ta fi ƙarfin gefe, sau da yawa za ki ga an rubuta LT ko C a jikinta. Buɗe ƙofar direba ki duba jikin ginshiƙin, akwai 'yar takarda mai nuna girman taya da yawan iskar da motarki ke buƙata. Ita za ki bi, kuma kada lambar nauyin da sabuwar taya ke iya ɗauka ta gaza ta asali. Masu manyan haƙora na ƙanenki don taɓo aka yi su. A kwalta sai ƙugi, ga shan mai. Nemi mai matsakaicin zane wadda ke bin kwalta da burji. In huɗu sun yi miki yawa a lokaci ɗaya, fara da biyu iri ɗaya, a sa su a baya.

Damuwar mijinki kuwa tana kan hanya, kunyar uba ba laifi ba ce. Amma ɓoye-ɓoye zai fi ɓata wa Baba rai ranar da ya gano. Ku je tare, ku zauna a gabansa, ki nuna masa lambobin kamar mai neman ƙarin bayani, ki bar shi ya yi lissafin da kansa. Mutumin da ya riƙe mota zai gane tun kafin ki rufe baki. Sannan ki roƙe shi ya raka ki wurin mai sayar da taya, a zaɓa da idonsa. Abin da dattijo yake so shi ne a ce da hannunsa a cikin lafiyarki.

Tsofaffin tayoyin Baba kuma kada a sayar wa wani ya hau. Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a sana'a, ya ƙara wa Baba lafiya.

Gwaggonku