Gashin Goshin Auta

Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki, Ya kuma ƙara masa sauƙin ciwon bayan nan. Mu nan kalau muke. Umma na fama da gwiwa, amma tana takawa har bakin ƙofa. Na zaɓi rubutu ne maimakon kiran waya, don in na ji muryarki bakina ba zai iya ba.

Maganar Autarki ce. Shekara shida ke nan da kika bar min ita amana ta yi karatu, kuma tun zuwanta ni ke mata kitso. Gaskiya kanta na mayar abin talla. Duk sabon salo a kanta nake farawa, ƙanana, a ja tamau, a ƙara gashin doki, don masu shigowa shago su ce irin na Auta suke so. In ta ce da zafi sai in dungure ta in ce ta cika raki. Da gashin goshinta ya fara ja da baya na ce gadon dangin babanta ne, har na tsokane ta gaban mutane cewa goshin nan ya isa a shanya wanki. Ta yi dariya, ni kuma na ɗauka dariya ce.

Watan jiya ta kawo takardar wani bincike da likitocin fata ke yi kan zubewar gashi, ta ce sai babba ya sa hannu, na raka ta. Likitar, wata mai sanyin magana, ta ɗora ƙaramar na'ura mai fitila a kanta, ta nuna mana fatar a allo. Ta ce yawan jan gashi ne ya jawo. Inda ramukan gashin ke nan zai iya dawowa, amma gefen goshi biyu ya yi santsi, ya zama tabo, da wuya ya sake tsiro. Ta ce ƙurajen da kan fito bayan kitso gargaɗi ne. Yaya, ni mai nake shafa musu in ci gaba. Garin neman gira na taɓa ido.

Abin da ya fi ci na shi ne tambayoyin da suka biyo baya, don binciken har da yadda abin ke taɓa rayuwar mutum. Na tashi zan ba su wuri, Auta ta ce in zauna. Ina ji ta faɗa cewa shekara biyu ba ta cire ɗankwali gaban ƙawayenta ba, kuma saboda haka ta ƙi zaman ɗakin kwanan ɗalibai, ba don kewar gida ba kamar yadda ta ce mana. Da likitar ta tambaye ta me ya hana ta ƙin kitson, sai ta ce lokacin kitso ne kaɗai Anti ke zama da ita su yi hira. Ban san yadda na kawo kaina gida ba.

An ba ta maganin shafawa safe da yamma, an hana kitso mai ja, za a sake dubawa bayan wata shida. Na nemi gafararta, ta ce ba komai, kuma hakan ya fi min zafi da a ce ta yi faɗa. Yanzu kullum da yamma nakan rufe shago da wuri mu zauna, ba tare da na taɓa kanta ba.

Ta roƙe ni kada in gaya miki, amma amanar taki ce. In kin zo kin ga kanta, kada ki bari ta ga firgita a fuskarki. Duk tambayar da ke bakinki ki ajiye min, ni ce mai amsa ta.

Ki gaishe min da maigidanki, da ɗanmu Babangida da amaryarsa. Umma na sa muku albarka.

Ƙanwarki mai neman afuwa,
Mai kitso