Tururuwa a Cikin Ludayin Safara'u

Wudil, watan Sha'aban, 1956.

Zuwa ga Yayata Hansai, a Zangon Kumasi. Gaisuwa mai yawa da so da begen ganinki. Ina fata kina lafiya, ke da Malam Maikano da yara, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan sai godiya, in ban da zafin bazara da ya sa kogi ya ja baya har yara na tsallaka shi da ƙafa. Murja ta sauka lafiya, an sami mace. Kawu Dattijo yana nan da ciwon gwiwarsa da faɗansa, babu wanda ya ragu. Kafin a ci gaba, ki sa Ƙasimu ya karanta miki wannan takarda ke kaɗai, don maganar ciki ta mata ce.

Kin san aikina, tun da na fara shi kike mini dariya wai na zama shiga-gida-ba-sallama. Daga ɗakin shan magani ake tura ni gidajen marasa ƙarfi masu ƙananan yara, in duba ido da ciki, in nuna yadda ake dama kunun gyaɗa, in bar ɗan sabulu ko garin madara in akwai. Na sha kora, na sha zagi, ban taɓa kai kuka ba. Amma yau gidan da ya gagare ni na 'yarki ne, Safara'u, a Darki. Ta sake haihuwa, namiji, an raɗa masa Haladu, ana ce masa Ajuji saboda biyun da suka riga shi komawa. Ya zo da ƙibarsa da muryarsa, Yaya, da kin gan shi ranar suna sai kin yi guɗa.

Uwar mijinta, Gwaggo Auta, ba muguwa ba ce, kada ki ɗauke ta haka. Ita ta yi wa jikokin nan biyu wankan gawa da hannunta, tsoro ne ya cika ta. Bayan suna sai ta ce a gwada nonon. Aka matsa a ludayi, aka jefa tururuwa, mata suka kewaye suna kallo. Tururuwa ta yi ta juyi, ba ta fita ba, ta mutu. Nan take Gwaggo ta ce nonon mugu ne, shi ya cinye na baya, ta cire yaro daga ƙirjin uwarsa. Halliru kuwa, mijin, bawan Allah ne, ko akuya ba ta tsoronsa balle ya ja da uwarsa. Kullum sai ya sayo madarar shanu a ruga, ana ɗura wa yaro da ludayi. Na kawo garin madara, ta ce ba za a ba jikanta madarar da ba ta san saniyarta ba. Na nemi mai shayarwa a maƙwabta, kowa ta ji ɗan wabi ne sai ta kawo uzuri.

To, ga inda na yi gyaran gangar Auzinawa. Kin san ni da ɗoki, in na ga gaskiya ba na iya jira. Na ce bari in nuna musu da idonsu cewa ko a ruwan randa ka jefa tururuwa tana iya nutsewa. Na ɗebi madarar shanun nan a gabansu, na jefa tururuwa, ta yi juyinta ta mutu. Na ɗaga kai ina jiran a ce mini na yi gaskiya. Gwaggo Auta ta daɗe tana kallon ludayin, sannan ta yi salati, ta ce ashe saniyar ma ba ta da lafiya, Allah ne ya kawo ni na ceci jikanta. Har albarka ta sa mini, Yaya. Ta zubar da madarar. Tun ranar ba abin da ke shiga cikin Ajuji sai ruwan koko da jiƙo.

Ba na iya ba ki labarin yadda ya koma. Maɗigarsa ta faɗa, fatar cinyarsa ta yi yawa, kukan ma ya zama siriri kamar na ɗan kyanwa. Kukan nan ya biyo ni gida. Da rana tsaka ina tafiya a bakin kogi sai in ji shi a bayana, in waiwaya ba kowa sai rairayi. Na shiga wani gida a Dagumawa zan ɗauki wata yarinya lafiyayya, wallahi fuskar yayan Ajuji na gani, wanda muka rufe bara, sai da na zauna. Ko tururuwa na gani a bakin murhuna sai gabana ya faɗi. Tsoro nake ji, ban taɓa jin irinsa ba, don ina ganin in yaron nan ya tafi, da hannuna a ciki.

Na koma na durƙusa wa Gwaggo. Ta ce abin gado ne, duk Wudil an san kin binne uku kafin Safara'u, kuma ita Safara'u ba ta rayu ba sai da Inna ta hana ki shayar da ita aka sa ta a nonon akuya. Ni kuwa akwai abin da nake tunawa. Ina 'yar ƙarama aka aike ni ɗebo ƙaiƙayi, na same ki a bayan rumbu kin lulluɓa da zane, Safara'u na ƙirjinki tana tsotso, kika ɗora yatsa a baki. Ba sau ɗaya na gani ba, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu. Na faɗa wa Gwaggo, ta ce mafarkin yarinta ne, ko kuwa karatun Nasara ne ke magana a bakina. Amma ta rantse a gaban ɗanta cewa in ke da kanki kika aiko cewa da nononki Safara'u ta rayu, za ta mayar da yaro ga uwarsa, don ta san ba kya ƙarya.

Don Allah, don Annabi, Yaya, ki buɗe baki. Na san kunyar Inna ce ta sa kika rufe shi shekara da shekaru, to Inna ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙanta, ba za ta so a binne wani saboda ita ba. Kada ki aiko takarda, Gwaggo za ta ce ni na rubuta. Ki faɗa wa Ɗantani mai goro baki da baki, in ya tashi tahowa, ɗan ƙanen Gwaggo ne, za ta yarda da shi. In tafiyarsa da sauran lokaci, ki roƙe shi ya matso da ita. Ni kuma ina nan ina zuwa Darki kullum ina lallaɓa abin da zan iya.

Ki gaishe mini da Malam Maikano da Ƙasimu da Rabi, da duk mutanen gidan Baba Haladu. Kawu Dattijo da Murja suna gaishe ki. Safara'u ma tana gaishe ki, ta ce in gaya miki kullum da safe tana zagayawa bayan ɗaki ta matse nonon a ƙasa don kada ya ƙafe kafin saƙonki ya iso. Jiya ta ce mini ya fara raguwa.

Allah ya sada mu da alheri. Ni ce ƙanwarki,

Saudatu.