Ƙanƙarar Tana Narkewa

Inna,

Ina gaisuwa. Ya jikin Baba, ya su Latifatu? Ni lafiya lau, sai yatsuna da sanyi ya kama.

Maficin da kika aiko saboda zafin Jidda ya iso. Dariya na yi, don a kan ƙanƙara nake wuni, ina share filin wasan hoki.

Kocinmu Nayef ne gwarzon koci na bana. Ni na kai masa kofin da aka ba shi har mota, ina ta murna. Ashe saboda kofin wata ƙungiyar waje ta ɗauke shi. 'Yan wasa suka watse, kafili, wato ubangidana, ya ce halas, aiki ya ƙare. Jiya aka kashe injin ƙanƙarar.

Kada Baba ya ji tukuna. A sa ni a addu'a. Maficin zai yi amfani yanzu.

Ɗanki,
Garba